Jan Maɓallin da Na Danna Ba a Amsa Ba

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da wannan abu ya faru ni ne hedimastan makarantar firamare ta wani ƙauye a arewacin Kano, irin ƙauyukan nan da gona ke manne da gona, kana fita daga wannan unguwa sai ka ga ka shiga waccan. Shekaruna arba'in da 'yan kai, ina da iyali, kuma ina yi wa kaina kallon mutum mai tsare aiki. Ni nake fara isa makaranta, ni nake rufe ofis. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, domin ba tonon asiri ya sa na ɗauki biro ba. Abin ne ya daɗe yana cina a rai.

Babbar matsalarmu a lokacin ita ce waya. Kafin ka sami sabis a garinmu sai ka hau tudun bayan maƙabarta ka yi ta ɗaga hannu sama, wani lokacin ma a banza. Saboda haka da wata ƙungiya ta zo ta ce za ta haɗa makarantarmu da masu kawo ɗauki, murna ta kama ni kamar ni aka yi wa kyauta. Suka kafa wani akwati a bangon ofishina, mai jan maɓalli da abin magana irin na oba-oba. Uwar na'urar kuma suka ajiye ta a ƙaramin asibitin da ke garin gaba da mu, tafiyar minti goma sha biyar a babur, suka ɗora mata farantin sola a kan rufi. Idan na danna, za ta yi ƙara a can, sannan ta miƙa kiran ga 'yan sintiri da ofishin 'yan sanda. Ranar buɗewa na tara iyayen yara na danna a gabansu, kafin a gama gaishe-gaishe sai ga babur mai ƙafa uku na ɗaukar marasa lafiya ya shigo harabar makaranta. Mata suka rangaɗa guɗa. Ni da bakina na ce musu su kwantar da hankalinsu, daga yau ko me ya sami yaro ɗauki na nan tafe.

Abin da ya ƙara mini natsuwa shi ne wanda aka damƙa wa uwar na'urar. Jami'in lafiyar da ke riƙe da asibitin, wanda kowa ke kira Likita, aminina ne tun makarantar allo. Shi ne babban abokin ango a bikina, kuma sunansa na sa wa ɗana na fari. Ƙa'idar da aka ba mu ita ce duk Litinin in danna, ya amsa, sannan mu sa hannu a wani littafi cewa an gwada, tana aiki. Mun yi wata huɗu muna haka. Sai wata rana ya ce mini Litinin ranar awon mata masu ciki ce, ƙarar tana razana su, in bar dannawa, shi yana duba ta daga wajensa, muddin koriyar fitilar tana ci to lafiya ƙalau. Na ga maganarsa da ma'ana. Daga nan littafin ya koma sai ƙarshen wata yake kawo mini gida, mu sha shayi, in jera sa hannu huɗu a lokaci ɗaya.

Sau ɗaya zuciyata ta ƙi kwanciya, na danna ba tare da na gaya masa ba. Shiru. Da na tambaye shi bayan sallar Juma'a ya yi dariya, ya ce ai ranar sun fita rigakafi, asibitin a rufe yake. Har kunya na ji, kamar na zarge shi. A ranin shekarar ne kuma ya fara lambu a fadama, ina jin mutane na yaba injin ban-ruwansa da ba ya shan mai. Yana aiko mini da tumatir da albasa, iyalina suna sa masa albarka. Ban taɓa tambayar da me injin yake aiki ba.

Ranar wata Laraba ce, a ƙarshen bazara, hadarin farko ya haɗu wajen ƙarfe sha biyu. Kafin mu yanke shawarar tashin yara iska ta riga mu. Ina ofis na ji ƙarar kwano, sai ihu. Rufin aji uku ne ya yaye, wani katako ya rufto a kan wata yarinya 'yar shekara tara, gefen kwano ya yanke ta a cinya. Malamar ajin ta cire mayafinta ta ɗaure wurin, amma jini bai tsaya ba. Na ruga ofis na danna maɓallin, na kama abin magana ina faɗin sunan makaranta, ina cewa a zo, yarinya ce, jini ne. Ban ji amsa ba, na ce a raina iska ce ta hana ni ji. Na dawo na gaya wa malamai an ji, suna hanya.

Wannan ne kuskuren da ba zan yafe wa kaina ba. Wani malami ya ce mu ɗauke ta a babur ɗinsa yanzu-yanzu, na hana. Na ce an koya mana kada a jijjiga wanda abu ya faɗo wa, kuma abin ɗaukar marasa lafiya ya fi babur. Na tsaya a bakin ƙofa cikin ruwa ina leƙen hanya, ina komawa ina sake dannawa. Yarinyar da farko kuka take tana kiran innarta, daga baya ta koma cewa sanyi take ji. Mun haura rabin awa a haka kafin malamar ta ɗago ta dube ni ta ce, “Malam, wallahi ba mai zuwa.” Sannan ne na karɓi makullin babur, malamar ta rungume ta a baya, muka kama hanya cikin taɓo.

Muna shiga asibitin na tarar da aminina zaune a baranda yana jiran ruwa ya ɗauke. Ya miƙe a razane. Yana ƙoƙarin tsayar da jinin ni kuma idona ya kai kan uwar na'urar: a mace take, ba koriya ba ja. Na fita na ɗaga kai, rufin fayau, sai waya tana lilo a inda farantin yake. Na koma ciki wurin aminina. Ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai babban asibiti. Ba mu kai ba. A hannun malamar ta cika, saura kaɗan mu hau titin kwalta.

Mahaifinta manomi ne mai ƙarancin magana. Da na je ta'aziyya na durƙusa gabansa ya ce kwananta ne ya ƙare, Allah ya riga ya rubuta. Har na yunƙura zan tashi sai ya ce, “Amma Malam, ba kai ka ce mana akwai abin da ake dannawa ba?” Na ɗauki takalmana na fito.

Bayan kwana biyar aka turo kwamitin bincike, aka zauna a zauren dagaci. Na tafi da yaƙinin cewa aminina zai faɗi gaskiya, mu ɗauki laifin tare. Ashe kafin su iso an mayar da farantin kan rufi, koriyar fitila tana ci. Ya tsaya gaban dattawan da suka san iyayenmu ya ce na'urarsa ba ta taɓa mutuwa ba, kuma ranar babu kiran da ya shigo. Ya ce wataƙila ruɗewa ce ta sa hedimasta bai danna daidai ba. Sannan ya zaro littafin ya buɗe musu, ga sa hannuna mako bayan mako, ina shaida cewa an gwada, tana aiki. Duk maganar nan bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya. Na gane cewa idan na yi shiru na zama wanda ya kasa danna maɓalli, idan na yi magana na zama wanda ya sa hannu a kan ƙarya. Na zaɓi in faɗi gaskiya duka, har da tawa. Suka tambaye ni shaida. Dattijuwar da ke share asibitin ta gaya mini a keɓe cewa tun farkon rani aka kwance farantin aka kai fadama, amma ta roƙe ni kada in kira sunanta, da sharar nan take riƙe marayu. Ban kira ba.

Aka sauke ni daga hedimasta, aka mayar da ni wata makaranta mai nisa a matsayin malamin aji. Shi ko takardar gargaɗi ban ji an ba shi ba. Ana gobe zan tashi ya zo ƙofar gidana da la'asar, ya tsaya bai shigo zaure ba, ya ce in yi haƙuri, iyali gare shi, da ya amsa laifin korarsa za a yi. Na ce masa yarinyar ma iyalin wani ce. Tun daga ranar ba mu sake haɗa ido ba. Saukewar ba ta dame ni ba, na cancance ta. Abin da ke hana ni sukuni shi ne mutumin da na yarda da shi fiye da ɗan uwana ya san na'urar a mace take wata da watanni, yana zama a tabarmata yana miƙo mini biro.

Ban rubuto don in ce irin waɗannan na'urori ba su da amfani ba. Da tana aiki a ranar, ina kyautata zaton da an ceci yarinyar, Allah ne mafi sani. Abin da na koya shi ne na'ura ba ta tsare kowa sai mutanen da ke bayanta sun tsare amana. Ya ku shugabannin makarantu, duk abin da aka ce ku gwada, ku gwada da hannunku, ku ji amsa da kunnenku, ko da mahaifinku ne a ɗaya ɓangaren. Kada kunyar aboki ta sa ku sa hannu a kan abin da ba ku gani ba. Idan kuma kun kira ba a amsa ba, to ba a ji ba ne. Ku ɗauki yaron ku tafi. Iyaye, ku ma ku riƙa zuwa kuna cewa a danna a gabanku, 'ya'yanku ne a ciki. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa yarinyar nan a addu'a, ya kuma roƙa mini gafarar rabin awar da na tsayar da ita ina leƙen hanya.