Gangar Kawu a Ɗakin Taro

Ɗakin taron da masu aikin noman rani suka gina mana a bakin hanyar Kura zuwa Bunkure ba wani kyau gare shi ba, amma mun yi alfahari da shi. Dogon gini ne na bulo da rufin kwano, da dandamalin siminti a gaba, da bencina a jere kamar a aji. An gina shi bayan farin nan da ya ƙarar da shanun mutane, lokacin da ruwan kanal ya fara isowa gonakinmu. A ciki ake haska mana majigin yadda ake zuba taki, a ciki 'yan makaranta ke wasan kwaikwayo, wani lokaci a kawo mai kukuma daga birni. Ni kuwa malamin firamare ne, kuma da yake na iya rubuta wasiƙa da Turanci, sai aka ɗora mini tsara abin da za a riƙa yi a ɗakin. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, makaɗin noma ne. A da idan an kira gayya, shi ke bin bayan manoma da ganga yana zuga su. Kowane babban manomi yana da takensa, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai. In kawu ya kaɗa taken mutum, dole ya zabura ya yi kirari, ya faɗi gonarsa da dammunan da ya ɗaure, sannan ya faɗa cikin kunyoyin gona da garma. Makaɗin da ya kira mutum bai amsa ba, ya ji kunyar da ba ta wankuwa, kuma kawu yana taƙama cewa hakan bai taɓa samun sa ba.

Sai katafila ta zo ta baje iyakoki, aka sake yanka gonaki, tarakta ta karɓi huɗa. Gayya ta mutu ba tare da kowa ya yi mata ta'aziyya ba. Damina uku gangar kawu tana rataye a bango, shi kuma yana bin gonakin Kadawa yana tsinkar wa mutane tumatir.

Da aka ce manyan baƙi za su zo daga Kano su ga ɗakin, sai na ga dama ta samu. Na je na sami kawu a zaure, na roƙe shi ya zo ya yi musu kiɗa a ɗakin.

"Ganga a ɗaki?" ya ce. "Ɗan nan, to su wa za su yi noman?"

"Kawu, zamani ne. Kiɗa kawai za ka yi, mutane su ji."

Bai yarda ba sai da na ce sarkin noma zai zo. Wannan dattijo shi ne babban manomin yankinmu, kuma takensa ne kawu ya fi ƙauna. Nan take idonsa ya kawo haske. Kwana uku yana gyaran ganga, ya sake mata fata, ya ja tsarkiya, har ya sa aka wanke masa rigar Sallah.

Ranar, bayan azahar, ɗakin ya cika, kwano yana ta dafa mu. Baƙi a kujerun gaba, manoma a bencinan baya. Ni da iyayina na ɗauki lasifika na ce don Allah kowa ya zauna a inda yake har a gama, saboda baƙi.

Kawu ya hau dandamali. Ya fara a hankali, sannan ya saki jiki. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Can sai ya juya ya fuskanci bencin ƙarshe, ya ɗauko taken sarkin noma. Duk manoman suka waiwaya. Dattijon yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa, kansa a sunkuye. Kawu ya maimaita. Dattijon bai motsa ba. Kawu ya sauko daga dandamali, ya bi ta tsakanin bencina har gabansa, ya kaɗa na uku da ƙarfin da na zaci fatar za ta fashe.

Na ɗauka sanarwata ce ta ɗaure shi. Na ruga na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, ka tashi, ba komai, ba da kai nake ba."

Ko kallona bai yi ba. Sai ya ɗago kai ya dubi kawu.

"Na ji ka," ya ce. "Tun na farko na ji ka. To in na tashi, wace gona zan faɗa?"

A lokacin na tuna abin da kowa a bencinan nan ya sani. Babban kanal ta tsakiyar gonarsa ya bi, gonar da ya gada kuma yake kirari da ita. Ɗan filin da aka ba shi a madadinta ko suna ba shi da shi. Kullum ina taka keke ta kan gadar kanal ɗin in tafi makaranta, amma ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Kawu ya tsayar da kiɗa. Baƙin gaba ba su ji abin da aka faɗa ba, suka zaci an kai ƙarshe, suka ɓarke da tafi. Sun daɗe suna tafawa, wani ma har da miƙewa tsaye. A baya ba wanda ya ɗaga hannu.

Na iske kawu a waje yana kwance igiyar ganga daga kafaɗa. Na fara ba shi haƙuri, ina cewa mako mai zuwa za mu sake shiri.

"Ba shi ne ya ƙi amsa mini ba," ya ce. "Ni ne na tsaya a gaban jama'a na tambayi mutum abin da aka raba shi da shi, har sau uku."

Ɗakin ya ci gaba da aiki wasu shekaru kafin a mai da shi ma'ajiyar taki. Na kawo makaɗa da yawa a ciki, amma kawu bai sake kaɗa taken kowa ba har ya rasu, kuma ban sake samun bakin roƙonsa ba.