Ranar da Na Share wa Yohanna Asibiti

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Injiniya Yohanna, kuma ban taɓa jin rashinsa kamar a daminar bana ba. A Gusau aka haife shi, iyayensa mutanen Filato ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo, amma Zamfarcin bakinsa ya fi nawa. Aikinsa auna wutar da gine-gine ke sha. Yakan bi makarantu da ƙananan asibitoci daga Bungudu har Tsafe yana maƙala wata 'yar mita a bango, sannan ya zuba abin da ta rubuta a kwamfuta, don a san girman na'urar sola da ta dace da kowane irin gini. Nakan tsokane shi cewa duk karatun nan ya yi ne don ya zama ɗan leƙen asirin fanka.

A lokacin ni ke riƙe da wani ƙaramin asibiti a gefen garin Mada. Da aka aiko cewa injiniya zai zo awo na kwana uku, sai na yi abin da kowane ɗan mutunci a garinmu zai yi. Na sa aka share ko'ina. Na sallami masu kawo cajin waya, na kwashe kunun zaƙi da zoɓon da matan unguwa ke ajiyewa a firijin ma'aikata, na ɓoye dutsen guga da tukunyar lantarkin da muke dafa almakashi. Ba ƙarya na yi niyya ba. Kunya ce, kada baƙo ya ga mun mai da asibiti kasuwa.

Mita ta rubuta abin da ta gani, aka kawo sola daidai da shi. Baƙo na tafiya kowa ya dawo da wayarsa, don a ƙauye ba ka iya kallon idon maƙwabcin da ya yi maka gayya a gona ka ce masa babu wuta. Da hadari ya yi kwana uku a sama, batir ya mutu, firijin magani ya ɗume, allurar rigakafi ta lalace gaba ɗaya. Ni da bakina na mayar da matan da suka kawo yara rigakafi gida, wasu sun yi tafiyar rabin yini da goyo.

Yohanna ya dawo ba sanarwa, ya tarar da wayoyi jere a benci. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Malam Sani, don mi kunka ɓoye mini mutanenku? Ai su niz zo aunawa, ba bango ba." Daga ranar ya daina faɗin ranar zuwansa. Yakan bar mita ta shekara a wuri, ta ga azumi da zafin bazara da damina, kuma a lissafinsa kowane asibitin ƙauye yana da kason maƙwabta.

Yau ana shirin sa wa asibitoci da yawa sola a lokaci guda, abin farin ciki. Sai dai hanyoyinmu sun zama abin da suka zama, ba mai son ya bi su sau biyu. Na ji cewa masu aikin daga hoton tauraron ɗan'adam suke auna faɗin rufi, kwamfuta ta ƙiyasta sauran, sai su leƙa wasu wurare na yini ɗaya don tabbatarwa. Ban raina iliminsu ba. Amma da Yohanna na nan, na san zai tambaye su ta ina hoton rufi ke nuna wayoyin unguwa.

'Yata Hadiza ungozoma ce a wani asibiti kusa da 'Yankuzo, a ƙasar Tsafe. A firijinta take ajiye allurar tsayar da jinin haihuwa, wadda zafi ke kashe ƙarfinta ba tare da ta canza launi ba. Kafin bana ban taɓa ba ta labarin Mada ba, don kunyarsa nake ji har yau. Da na ji masu awo za su je wajenta, na yi kwana biyu ina jan ƙafa kafin na kira. Ta ɗauka da murna: "Baba, ai sun zo tun Talata. Mun gyara musu komi tsab, ko waya guda ba su gani ba." Tarbiyyata ce, ba ta bar komai ba.

Me ya rage na Yohanna? Ba gini da sunansa. Akwai mitocinsa a bangon wasu makarantu, watakila har yanzu suna ƙirge, ba mai zuwa karantawa. Matarsa, Maman Rahila, ta ba ni ta ƙarshe da ya bari, a naɗe cikin tsohon zane. Ranar Asabar zan bi hanyar Tsafe in kai mitar asibitin Hadiza, ina tsoron hanyar, ina kuma tsoron an riga an rufe lissafi. Na dai gaya wa Hadiza labarin Mada tun daga farko, na ce ta kira matan unguwa su dawo da zoɓonsu, kuma wannan karon ko tsintsiya kada a taɓa.