Gorar Kawu Iliya

Duk wanda ya san Kawu Iliya kafinta ya san ba ya shiga ɗaki kamar sauran mutane. Zai yi sallama, a amsa, sai ya ɗaga guntuwar gorar nan da ba ta rabuwa da hannunsa, ya gitta ta a bakin ƙofa. In ta wuce ba ta taɓa ko'ina ba, ya shiga da fara'a. In ta maƙale, sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai taga ce aka sauko da ita ƙasa." Gidan suna haka, gidan biki haka. Mun taɓa zuwa ɗaurin aure Madobi, mai gida ya kai mana shinkafa da nama ɗaki, Kawu ya gwada gorarsa ta ƙi wucewa. Sai ya zauna a waje, ya ce a miƙo masa nasa ta tagar.

Ƙanin mahaifiyata ne, kuma ban taɓa ganin mai tattali irinsa ba. Ƙusa ko ta lanƙwashe kamar ƙugiya, sai ya miƙar da ita ya jefa a gwangwanin madara. Man hinji kuwa bai taɓa saye ba. Gidan masu ƙuli-ƙuli yake bi ya roƙi ɗigon man gyaɗa, ya shafa da gashin kaza. Wani Alhaji dillalin albasa a Kura ya taɓa aikowa a kira shi, wai kiyashi sun yi layi a sabuwar ƙofar da ya saka masa.

Kawu ya ce, "Tana ƙara in an buɗe?"

Alhaji ya ce ba ta yi.

"Kiyashin sun hana ka shiga?"

"A'a."

"To Alhaji, kalacinsu suke yi. Kai ma je ka yi naka."

Ni kuwa nawa karon da shi a shekarun tamanin ne, shekarar da zan yi aure. Ruwa ya wadata a kanal, tumatir ya yi kyau, na gina ciki da falo na bulo a gefen gidanmu, nan hanyar Bunkure. Lokacin aka fara yayin ƙofofin nan da ake sayowa Kano a haɗe, ƙyaure da firam da hinji duk an ɗaura, sakawa kawai za a yi. Na sayo ta uwar ɗaki, ja mai sheƙi, na ɗoro ta a akori-kura ina ji da kaina. Birkila ya bar mata gurbi daidai ita. Tarewa ta matso, dangin amarya sun aiko cewa suna tafe jere.

Kawu ya zo, bai ko yaba sheƙin ba. Ya gitta gora a firam, ta ƙi shiga, saura kamar faɗin tafin hannu.

"Habu, wa ya sayar maka da taga?"

"Kawu, haka ake yin su yanzu. Duk Kano awonsu ɗaya."

"To kai wa Kano su saka maka."

Na roƙa, na yi magiya, har na ce zan nemo wani kafintan. Ya ce Allah ya ba da sa'a, don ya san babu kafintan da zai taɓa ƙofar ɗan 'yar'uwarsa yana raye. Hankalina ya tashi ƙwarai, ina hango surukai sun iso sun tarar da ɗakin 'yarsu a wangale. Na je na kai ƙara wajen Inna mahaifiyata, ta yafo mayafi ta fito.

"Iliya, ka rufa wa yaron nan asiri. Baƙi na hanya."

"Yaya, ke ma kin san abin da nake aunawa."

Ina jiran ta balbale shi da faɗa, sai na ga ta juya ta koma ciki. Na ce shi ke nan, ta ƙare mini.

Birkila ya fasa gefen bango yana ƙunƙuni. Kawu ya wargaza sabon firam ɗina, ya sauya katakon sama da wanda ya fi tsawo. Ƙyauren kuma ya yi masa ƙari da wani tsohon katako daga ajiyarsa, ɓallin bodin motar tumatir, shuɗi, har da rabin zanen fure a jiki! Ya ɗaure dutse a zare ya rataya, yana dubawa yana cusa 'yan itatuwa a gefe, sai da firam ya tsaya cak, ƙyaure ya daina tafiya da kansa.

Siminti bai gama bushewa ba 'yan jere suka sauka. Kawu ya dasa kujera a bakin ƙofa yana gadi, duk wadda ta matso sai ya ce kada a jingina. Wata gwaggon amarya ta ƙare wa ƙofar kallo ta ce, "Malam Iliya, wannan ƙofa ce ko zanen atamfa?"

"Hajiya, ku da kuka kawo kwanuka kala-kala, ƙofa ce ba za ta yi ado ba?"

Aka kwashe da dariya. Gadon ƙarfe mai rumfa ya shige bai goga ko'ina ba, gwaggonni suka yi ta sa albarka, na samu na yi ajiyar zuciya. Na matsa kusa da shi na ce, "Ashe faɗin gado kake aunawa, Kawu."

Ya ce, "Gado ai kwance shi ake yi." Ya ɗauki gwangwanin ƙusarsa ya tafi.

Kafin shekarun nan su ƙare ciwo ya kwantar da shi. Ba shi da ɗa namiji, matarsa kuma ta riga shi, sai na ɗauko shi. Maiɗakina ta koma falo ta bar masa uwar ɗaki, nan ya cika wata safiya.

Ana shirin fitowa da shi, Inna ta kira ni gefe ta miƙo mini gorar. Ta ce ran da mahaifinsu ya rasu, ƙofar ɗakinsa na ginin ƙasa ta yi ƙunci, sai da aka karkata makara kafin ta fita, Iliya kuma shi ke riƙe da wajen kai. Washegari ya je masallaci ya auna makarar, ya ƙara wurin hannun masu ɗauka, ya yanke gora.

Ni na kama wajen kai. Muka ratsa ƙofar nan mai rabin fure a miƙe, ba mu karkata ba, ko bayan hannuna bai taɓa firam ba. Nan kuka ya ƙwace mini.

Allah ya jiƙan Kawu Iliya, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya ƙi barin kowa a ƙunci, Allah ya yalwata masa makwancinsa. Amin.