A Soya Mana Doya

Ina zaune a hawa na goma sha huɗu na wani gidan haya a Cheras, can ƙasar waje inda nake karatu, lokacin da hawan jini ya kayar da Yaya a Kano. Ba a daɗe da kafa dokar zaman gida ba. An hana jirage tashi, an rufe jami'a, ɗakin gwajin da nake aikin digirina na uku a Jalan Semarak an garƙame shi da kwalaben samfurin ƙasar da nake gwadawa a ciki suna ta bushewa. Matarsa, wadda nake ce wa Anti, ita ce ta kira ni. Ta ce ya faɗi a bakin famfo yana alwala, an kai shi asibiti ya farfaɗo, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Na ce ta ɗauke kamar yaya? Ta ce kamar yadda na ji, ko ruwa yake so sai dai ya nuna da ido.

Wanda bai san Yaya ba ba zai gane girman wannan abu ba. Mutumin nan bakinsa ba ya hutawa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya kai ni makarantar kwana da akwatin ƙarfe a kansa, yana tafe yana yi mini faɗa wai ina jan ƙafa. To shi ne aka jingina wa waya a gaba, ina ta zuba surutu yana kallona, yawu na gangarowa ta gefe ɗaya, matarsa na gogewa da bakin zani. Na kashe wayar na shiga banɗaki na yi kuka mai isata. Na kuma zagi cutar da ta rufe duniya zagin da ba zan rubuta shi a nan ba.

Wata uku muna a haka. Kullum bayan la'asar ɗinmu, wadda ta yi daidai da hantsinsu, sai in kira, Anti ta riƙe masa waya. Likitan da ke zuwa yi masa gashi ya ce mata wani lokacin wanda magana ta ɗauke masa yakan iya rera waƙa, daga nan bakin ya fara sakewa, don haka a riƙa kunna masa abin da yake so. Sun kunna masa karatu, ya saurara yana hawaye. Sun kunna masa kiɗan gargajiya, ya kau da kai. Sai wata rana Anti ta ce mini akwai wani gurnani da yake yi idan an fito da shi tsakar gida shan hantsi, kullum iri ɗaya, ita dai ba ta gane masa ba. Ta matso da wayar kusa da bakinsa. Wallahi kafin ya kai ƙarshen layin farko tsigar jikina ta tashi, domin waƙar doya ce.

Lokacin samartakarsa Yaya yana da rediyo mai cin kaset, da wani farin kaset da babu rubutu ko ɗaya a jikinsa, wani abokinsa direban mota ne ya kawo masa daga Legas. Waƙoƙin Turawa ne a ciki. Akwai guda ɗaya da yake mayarwa har sai Inna ta leƙo ta ce ya ishe ta. Wani namiji ne mai kaurin murya yake rerawa a hankali, kamar wanda ya dawo daga gona a gajiye. Mu yara ba mu jin Turanci, amma idan aka zo amshi ras muke jin yana cewa a soya mana doya, a soya mana doya. Da haka muka san ta, muna tsalle a tsakar gida muna amsawa. Kaset ɗin ya ɓace tun kafin a yi mini aure, direban ya rasu, kuma duk danginmu babu wanda ya taɓa sanin sunan mawaƙin.

Na ce sai na nemo ta. Na rubuta soya da doya a intanet, aka jero mini yadda ake suyar doya da ƙwai. Na rera wa manhajar nan da aka ce tana gane waƙa daga gurnani, ta kawo mini wasu samarin Koriya masu jan gashi. Abokiyar zamana, wata 'yar Filato da ke karatun jinya, ta ji ni ina yi wa waya tsawa, ta fito daga ɗaki da littafi a hannu. Sista nake ce mata, ita kuma tana ce mini Hajiya. Da na ba ta labari, sai ta ce ai Turawa ba sa zubar da komai. Tun kafin a haife mu, kowane mako suna jera waƙoƙin da suka fi kasuwa daga ta ɗaya zuwa ta arba'in, kuma jerin nan duk suna nan, har da waƙoƙin. Ta ce waƙar da ta iya tsallaka teku ta shiga motar Legas ta iso Kano, ba yadda za a yi ba ta taɓa hawa jerin nan ba.

Na ɗauko littafin da na saya don rubuta sakamakon gwaji, na ja layi, na fara daga shekarar da na shiga aji uku na firamare. Ashe aiki ne ja. Na ɗauka waƙoƙin Turawa ba su fi a ƙirga ba, sai ga su kamar yashi. Na tsara wa kaina doka: duk wadda mace ta rera in tsallake, duk mai saurin kiɗa in tsallake, namiji mai kaurin murya kawai nake nema.

Duk da baƙin cikin da nake ciki, ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin nan. Mace mai 'ya'ya huɗu, malamar jami'a, ga ni a kan darduma da abin ji a kunne ina bin shekarun tamanin mako mako. Kiɗansu na lokacin kamar ana buga kwanon sha da cokali, mazan da gashi buzu-buzu, matan da kafaɗun riga kamar sojoji. Sai in ci karo da wadda na sani in yi ihu ni kaɗai. Wannan ita ce ake sakawa kafin labaran rana. Wannan ita ce 'yan aji biyar suka yi rawarta a makarantar kwana, aka kama su aka ba su noman filin ƙwallo. Akwai wata da aka yi ta juyawa ranar kamun wata ƙawata, muna ta shauƙi, sai yanzu da na ji Turancin na gane mutumin cewa yake matarsa ta kwashe kayanta ta bar masa gida. Na kira ƙawar tawa na gaya mata, ta ce shi ya sa auren bai yi ƙarko ba, muka yi dariya har na ƙware.

Wani abin da na lura da shi, duk waƙar da na tuna da shekarar da na ji ta, sai in tarar ta girmi haka da shekara biyu ko uku. Kafin ta iso mana, masu ita sun gama yayinta sun manta. Sai na koma baya, na shiga shekarun saba'in, zamanin wando mai faɗin ƙafa da ganguna da algaitun Turawa. Can ma na bi su kaf. Na haura shekarun casa'in don kada a ce ban duba ba. Na ji maza masu kaurin murya sun fi ɗari, kowa na kukan an yaudare shi, amma babu mai neman doya.

A mako na shida haƙurina ya ƙare. Malamin da ke duba aikina yana ta aiko saƙo yana tambayar babi na uku. Anti ta ce gurnanin ma ya fara raguwa, wani lokacin sai ya wuni bai yi ba, abinci ma sai an yi da gaske. Rannan na sauka kedai, ɗan shagon da ke ƙasan gininmu, na tsaya a layi da takunkumi ana auna mana zafin goshi, na sayo burodi na hawo. Ina shigowa Sista ta ce ko dai waƙar ba ta Turawa ba ce, ko kuma ƙuruciya ce ta haɗa mini waƙoƙi biyu a kai. Kai, ranar ta ga ruwan bala'i. Na ce mata ni ba mahaukaciya ba ce, abin da na ji da kunnena shekara da shekaru ba wanda zai ce mini mafarki na yi. Ta juya ta shige ɗakinta. Da yamma ta sayo mana shinkafa daga mamak, shagon abincin unguwa, ta ajiye mini tawa a ƙofar ɗaki. Na ci, na je na ba ta haƙuri, ta ce ba komai lah, kamar yadda mutanen garin ke faɗa, dama ta san bakina.

Malamin nan nawa mutumin kirki ne, amma Turancinsa gudu yake yi kamar ana korarsa. Idan ya ɗora darasi a intanet sai na rage saurin bidiyon kafin in gane abin da yake faɗa. Wata safiya na gama sauraron darasinsa, na koma kan jerin wata shekara ta ƙarshen saba'in da na riga na wuce, na manta ban mayar da saurin daidai ba. Na bar shi yana juyawa na shiga kicin dafa shayi. Ina tsaye ina jiran ruwa ya tafasa, sai na ji shi daga falo. Mutumin nan ne mai kaurin murya, a gajiye, yana jan kalma ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon a soya mana doya.

Na fito da gudu har na yi tuntuɓe da kujera. Na duba fuskar kwamfuta, sai ga wata siririyar mata da riga mai ƙyalli tana juyi a hankali kamar a cikin ruwa. Mace ce! Na mayar da saurin daidai, muryar ta koma siririya, kiɗan ya zabura, waƙar rawa ce ta gidan disko. Na duba littafina, ga ta nan na ja mata layi tun makonni uku da suka wuce, na rubuta mace, mai sauri. Nan take na tuna. Unguwarmu ba wutar lantarki a lokacin, da batir Yaya yake kunna rediyonsa, kuma ba ya sayen sabo sai tsohon ya mutu murus. Har shanya su yake yi a kan kwanon ɗaki su sha rana. Ashe duk ƙuruciyarmu kaset ɗin ja yake yi, mu ba mu taɓa jin waƙar nan yadda masu ita suka yi ta ba. Ba doya a cikinta ko ɗaya. Matar roƙon direban jirgin ƙasa take yi ya jira saurayinta.

Na buga wa Sista ƙofa kamar gobara ta tashi. Ta saurara a daidai, ta saurara a rage, ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Ni kuwa na zagaya falon nan da rawa, da zanin barci da ludayi a hannu. Na ce mata ta faɗa da bakinta cewa ni ba mahaukaciya ba ce, ta faɗa sau uku.

Jiran la'asar ranar ya fi mini makonni shidan tsawo. Da lokaci ya yi na kira. An fito da Yaya tsakar gida a kan kujerar roba, an saka masa hula, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce wa Anti ta ƙara sautin wayar. Don in tabbatar, na fara kunna masa ta asali, mai saurin. Ya kalli wayar kamar yadda yake kallon bango. Sai na rage saurin, na sake kunnawa daga farko.

Kansa ya ɗago. Yatsun hannun hagunsa suka fara bugun hannun kujera. Da aka zo amshi sai leɓensa ya motsa, murya ta fito a shaƙe, a karkace, amma kalmomi ne, Turancin da ya haddace tun yana saurayi, yana bin matar nan layi bayan layi. Anti ta toshe bakinta da mayafi. Sista na bayana ta riƙe kafaɗata gam. Ni ban san lokacin da na fara amsawa da doyata ba, ina kuka ina rerawa.

Waƙar ta ƙare. Ana jin kukan kaji a bayansa. Ya dube ni ta cikin wayar, ya yi ta kokawa da bakinsa. Anti ta matso za ta goge masa yawu, ya ture hannunta.

"Sa… sake," in ji shi.

"Yaya, me ka ce?"

Ya haɗe gira, irin haɗewar da yake yi mini idan na yi nauyin kai.

"Ke. Sake."

Anti ta saki wayar ta faɗi, na koma ina ganin sararin samaniyar Kano da igiyar shanya, ina jin ta tana kiran yara su zo Babansu ya yi magana. Na yi ta ƙwala mata kira ta ɗauke ni daga ƙasa. Da ta ɗauka ta jingina ni a kan turmi, na share fuskata, na mayar da waƙar farko. Har aka kira magariba a Cheras muna sakewa.