Katakon Akwatin Baba Silvanus

Kowace safiya, kafin jirgin ƙasa na ma'aikata ya yi kuka daga bayan duwatsu, Baba Silvanus yakan shigo tasha da wani dogon katako a ka. Yakan jingina shi a gindin mangwaro, ya goge shi da tsumma, ya ɗora masa tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin jariri. Baƙi sukan ɗauka ƙofar wani ya ɓallo. Ɗan dako ne, buhunan citta suka cinye ƙuruciyarsa, kuma a watan nan ciwon gwiwa ya sa ya ajiye gammo.

Tsakanin dandamalin tasharmu da ƙofar tarago akwai gibi, ga kuma tsayi. Mai ƙafa yakan tsallake bai ma sani ba. Malama Hephzibah kuwa, wadda take koyarwa a wata firamare can gaba, a keken guragu take tun da ta yi haɗarin babur. 'Yan dako sukan cicciɓe ta, wannan ya kama hammata, wancan ƙafa. Ba mugunta ba ce, abin da hannunsu ya sani ke nan. Wata safiya zaninta ya kwance a gaban fasinjoji, Silvanus na riƙe da ƙafafunta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a mayar da ita kan kekenta, ta koma gida, ta aiko cewa gara ta bar aikin da a sake ɗaukar ta kamar kaya.

A gida Silvanus yana da katakon maɗaci da ya daɗe da ratayewa a rufin ɗaki. Na akwatin gawarsa ne, don ba ya so ranar ta zo 'ya'yansa suna neman kafinta. Ranar nan ya sauko da shi. Matarsa Lai'atu ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

"In ka mutu fa, cikin kwali za mu sa ka?"

"Ai ban mutu ba tukuna, Maman Jason."

Gadar farko da ya haɗa wa keken malama, daga dandamali zuwa ƙofar tarago, ta yi gajarta, ta miƙe tsaye kamar tsani. Bai yarda a gwada ta a kan malama ba. Ya ari baro ya zauna ciki, ya ce wa abokin dakonsa Kumai ya tura. Baro ya kife, haƙorin Silvanus na gaba ya tafi. Har yau Kumai yana cewa bai taɓa ganin buhu mai kiran sunan Yesu ba sai ranar. Silvanus ya tofar da jini, ya je ya ɗauko katakon murfin akwatin, wanda ya so ya rage wa kansa, ya ƙara tsawo, ya buga ƙaramin baki a gefe don kada taya ta zame.

Da ƙyar malama ta yarda ta zo. Da aka shimfiɗa gadar, mutane suka matso za su taimaka, ya tare su. Ya harɗe hannuwansa a baya.

"'Yata, in tura ko in bari?"

"Bari, Baba."

Da damtsenta ta hau, a hankali, katakon yana ƙara a ƙarƙashinta. A haka har ta shiga. Tun daga nan gadar takan bi ta a tarago, ta dawo da yamma, Silvanus ya kai gadar gida saboda gara da masu neman itacen girki. Tsofaffi da masu ciki ma yanzu ta nan suke hawa.

Baba Silvanus, kai ne ka ga kunyar 'yar wani ka ɗauke ta taka. Kai ne mai tambaya kafin ka taɓa. Ranar sallamarka daga aiki Kumai ya ce ka tafi da katakonka, ko kafinta zai iya fitar da akwati a ciki. Ka ce ya riga ya saba da masu rai, kai kuma tabarma ta ishe ka.

Mun gode, Ubangiji ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwa. Ku kuma masu iko, a zuba siminti a wurin nan. Kafin a zuba, katakon yana nan a gindin mangwaro, malama kuma tana da aji gobe da safe. Don Allah wani ya zo da gammonsa, ya gaji Baba.