Safiyar da Yayata Ba Ta Sunkuya Ba

Darbejiyar ƙofar gidanmu ta yi fure, kuma tun da ƙamshinta ya fara shigowa ɗaki gabana yake faɗuwa. Jikata da ke rubuta mini wannan ta ce ita daɗinsa take ji. Ni kuwa duk bazarar da na shaƙe shi sai in koma Gagarawa Tasha, ina 'yar shekara bakwai ko takwas, shekarar da sanƙarau ya shigo mana.

Babanmu ma'aikacin reluwe ne, cikin masu gyaran layin dogo. Gida uku ne kawai na Kirista a tashar. Ba mu da majami'a, a zaurenmu ake sujada ran Lahadi, shi ne kuma mai karanta mana Littafi. Mutum ne mai tsare doka. Kowace safiya kafin a hura wuta yakan tara mu a kan tabarma ya ce, "Mu sunkuyar da kai." Har kakarmu da ke fama da ciwon baya sai ta sunkuya. A wurinsa, wanda ya bar kansa a miƙe lokacin addu'a ya raina Ubangiji.

Bazarar nan iska ta tsaya cak. Ruwan randa kamar an ɗumama shi, awaki na haki a gindin katanga. Masu dawowa daga kasuwar Maigatari suka fara kawo labarin sanƙarau. Bayan mako guda aka ce ya iso ƙauyukan Sule Tankarkar. Ba a kiran sunansa, sai dai a ce "ciwon nan". Mata suka daina waƙa a bakin turmi. Ta bayan gidanmu ake wucewa da gawa, wata rana sau biyu, kuma yawancinsu yara ne, mutum ɗaya ke rungume da su cikin tabarma.

Yayata ta girme ni da shekara biyar. Ana gobe abin zai faru ta saci jiki ta je wurin lallen ƙawarta, alhali Baba ya hana mu shiga taro. Ya yi mata faɗa a gaban mutane, ta kwanta ba ta ci tuwo ba.

Da safe muka zauna, Baba ya ce mu sunkuya. Na saci kallo, sai na ga kan yayata a miƙe, idonta a rufe. Shi ma ya gani. Ya katse addu'ar.

"Fushin jiya ne za ki kai wa Allah?"

Ta ce kanta ke ciwo. Ya sa hannu ya danna ƙeyarta, ta ƙwalla ƙarar da har yau ina jin ta. Ya ɗauka rashin kunya ce. Ya ce ta shiga ɗaki, kada a ba ta koko sai ta tuba, ya saɓi digarsa ya tafi aiki. Inna ba ta saba musa masa ba. Da hantsi jirgin Kano ya tsaya, ya sha ruwa, ya wuce, yayata na kwance ta juya wa haske baya.

Wajen azahar, Baba ya dawo cin abinci ke nan, sai ga tsohuwar maƙwabciyarmu, Musulma, wadda ke kawo mana fura, muna ce mata Goggo. Ta ji nishi, ta leƙa ɗakin.

"'Yar nan, taɓa ƙirjinki da haɓarki in gani."

Ta kasa. Goggo ta fito tana salati, ta dubi Baba.

"Malam, wannan ba raini ba ne. Shi ne."

Lomar da ke hannunsa ta faɗi cikin ƙasa.

Goggo ce ta tare motar hatsi mai zuwa Gumel. Aka shimfiɗa yayata a kan buhuna, ni ina riƙe mata zane don rana. Motar na kafewa a yashi, ana turawa. Mutumin da ke ja mana addu'a kullum ranar ya kasa yin ta. Inna ce ta yi, wadda ban taɓa jin muryarta a sujada ba.

"Ya Yesu, ga ta nan. Mu mun yi latti, kai ba ka yi ba. In ka bar mana ita, mun gode. In ka ɗauke ta, kada ka bar bawan nan naka da wannan nauyi."

A asibiti ba gado, a ƙarƙashin rumfa aka jera marasa lafiya. Kwana tara muna wurin, ana ɗauke gawar na dama da na hagu. Yayata ta tashi, amma ta kurumce, ba ta ƙara jin sauti ba har ta koma ga Ubangiji. Ranar da aka sallame mu Baba ya durƙusa a gabanta yana neman gafara, ita tana kallon bakinsa kawai. Ya faɗa, ya sake faɗa. Can sai ta kamo hannunsa ta ɗora a kanta.

Duk sun tafi yanzu. Maigidana ma ya bi su daminar bara, ya bar ni ina kuka har yau. Shekara biyu ina jinyarsa, a ciki na ji wani ƙullutu a nonona na yi shiru, na ce sai ya samu sauƙi. Yanzu akwai kwalta, akwai waya, ana yi wa yara allurar sanƙarau, amma likita a Gumel ya dube ni ya ce, "Mama, me ya sa sai yanzu?" Ran Litinin za a kai ni asibitin Kano. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Na dai san hannun wanda nake ciki.

'Yata ce ta fi damuna. Ta ga ina ramewa ta ɗauka baƙin cikin rashin babanta ne, yanzu ba ta iya haɗa ido da ni. Jiya na kira ta na ce ta zauna ta tsefe mini kai. Tana cikin tsifar na faɗa mata, tun tana ji, tun ina iya faɗa, cewa ba ta yi mini laifin komai ba.