Ƙotar Sandar Joel Sugden

Rubuta, Maisie. Kwamitin kulob sun ce a liƙa tarihin Joel Sugden ƙarƙashin hotonsa a ɗakin shayi, wai kuma ni zan faɗa, tunda shekara arba'in da ɗaya ina gyaran filin kurket na Harbeck, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda. Ni da biro ba mu taɓa shiri ba, to ki sa yadda ya fito daga bakin kakanki, ban da kwalliya.

Joel ɗan Denise ne, mai haɗa wa 'yan wasa shayi da kek ranar Asabar. Yana da shekara shida ya fara tattake mini ciyawa. Na kore shi har na gaji, sai na yanke masa tsohuwar sanda daidai tsayinsa, na riƙa jefa masa ƙwallo a bayan rumfa. Hannu gare shi, wannan kam ba ni na ba shi ba. Abu ɗaya na koya masa, shi ne kuma yake hana ni sakat yau.

Na ce masa, "Ɗan nan, in ƙwallo ta gogi sandarka, mai tsaron baya ya cafe kafin ta taɓa ƙasa, ka fita. Kar ka tsaya jiran alƙali ya ɗaga yatsa. Kai ka san ka taɓa, sa sandarka a hammata ka kama hanya." Haka iyayenmu suka yi a garin nan. Manyan 'yan wasan yanzu kuwa, mutum zai taɓa ƙwallo har a ji a tashar bas, ya tsaya yana gyara safar hannu kamar ba shi ba. Joel ya riƙe maganata kamar a coci ya ji ta.

Yana sha biyar yana buga wa manya. Yana sha tara ƙungiyar lardi ta ɗauke shi, aka ba shi kwantiragin shekara uku. Shekarar farko ya ci maki ɗari da talatin da huɗu a wasa ɗaya, Denise ta yi kuka har ta ƙona kek. Ta biyu ya karye a yatsa. Ta uku abin ya ƙi, goma yau, bakwai gobe. Saura wasa ɗaya a watan Satumba, koci ya kira shi ya ce masa ƙarara: in ya ga maki ɗari za a sabunta kwantiragi, in babu, to sai haƙuri.

Ana saura kwana biyar sai ga shi a rumfata da tsohuwar sandarsa, ƙotar tana girgiɗi.

Na ce, "Kai, ba kamfani na ba ka sababbi kyauta ba? Me za ka yi da wannan itacen girki?"

Ya ce, "Baba Arnold, da ita na ci ɗarin farko. Ka ɗaure mini ita kawai."

"Sanda ce ta ci ko hannunka, sakarai?"

"To ka ce dai tsufa ya zo, ba ka iyawa."

Ya san inda zai taɓo ni. Na zuba mata gam, na naɗe ta da zare tam. Da na gwada ta washegari, na ji wani ɗan ƙas a cikin ƙotar. Na ce a raina gam ne bai gama bushewa ba. Ban faɗa masa ba. Rubuta wannan ma, kar ki kalle ni. Ban so yaro ya ce aikina na da gyara.

Ni da Denise muka hau bas muka je. Ban taɓa ganinsa yana buga wasa kamar ranar ba. Hamsin kafin abincin rana. Bayan shayi ya kai casa'in da ɗaya, Denise ta kama hannun rigata har ta kusa yaga ta. Mai jifa ya sako ƙwallo da ƙarfi, Joel ya kai mata duka, sai ƙas! Mai tsaron baya ya cafe. Ko ihun kirki bai yi wa alƙali ba, ɗan ɗaga hannu kawai ya yi kamar mai tsayar da tasi. Alƙali hannunsa na cikin aljihu. Shi kuwa gogan naku ya sa sanda a hammata ya kama hanya. Alƙali ya ɗauka yaro ya fi shi sanin abin da ya taɓa, ya ƙyale shi.

Ni na san ƙarar nan, ta ƙota ce. Na miƙe zan yi ihu, sai na koma na zauna. 'Yan kallo sai tafi suke yi masa, wai ga ɗan mutunci.

Da yamma aka duba bidiyo. Tsakanin sanda da ƙwallo sai ka wuce da burodi guda. Wasan na kwanaki ne, amma sauran kwanakin ruwan sama ya cinye, bai sake shiga ba. Watan Oktoba suka sallame shi.

Na same shi a kicin ɗin uwarsa na faɗa masa gaskiya. Ina jiran ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ya yi dariya.

Ya ce, "Baba Arnold, ni dai na ji ƙara."

Na ce, "Alƙali ma bai yarda ba! Me ya hana ka tsaya ka dube shi?"

"Kai ka ce kar in jira shi."

"Cewa na yi in ka san ka taɓa!"

"To ai na ɗauka na sani."

Denise ta ajiye buta da ƙarfi ta ce, "Ku biyun ku fita mini daga kicin. Babban wawa da ƙaramin wawa."

Yanzu shekararsa ashirin da uku. Lokacin sanyi yana rufin gidaje da kawunsa, rani ya buga wa Harbeck. Sandar kuwa na cire mata ƙota na sa sabuwa, kwana uku ina gwada ta kusa da kunnena, ko ƙis babu.

Asabar ɗin da ta wuce, yana kan maki sha biyu, ƙwallo ta wuce shi aka cafe, ya juya zai tafi. Ni da na shekara arba'in ina wa yara wa'azin fita, ni ne na buɗe baki gaban kowa na ce, "Tsaya, don ubanka! Bar alƙali ya yi aikinsa!" Har na ɗakin shayi suka leƙo. Bai ko waiwaya ba. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce, "Wannan karon na taɓa, Baba. Ƙotarka lafiya lau."

Ki sa a ƙarshe: wasansa na ƙarshe a lardi, casa'in da ɗaya, ba wanda ya fitar da shi. Na sani, littafin lardi ya ce an cafe shi. Littafinsu ne. Wannan bangonmu ne, ki rubuta yadda na ce.